Hanyar Zarton Yaya Halliru

A wannan watan Yaya Halliru yake cika shekara arba'in da shida da rasuwa. Ya tafi yana da shekara talatin da tara. Ni ƙaninsa, wanda ya ba shekara goma sha ɗaya, ga ni yau na haura saba'in, sai na dafa bango nake miƙewa daga kan sallaya. In lissafi za a bi, yanzu na isa in haife shi, amma har yau bakina bai iya kiran sunansa ba tare da na sa Yaya a gaba ba.

Masu irin wannan rubutu sukan jero alherin mamaci, su yi masa addu'a, su rufe. Addu'a kam kullum ina yi masa. Amma abin da ya hana ni sakat duk shekarun nan wata ɓarna ce da na yi masa da hannuna, ina ganin taimakonsa nake yi. Ita zan faɗa yau ko na samu sauƙi, ko da yake na san ba lallai ba ne.

Yaya mai zanen gine-gine ne a wani ofishin gwamnati a nan Kaduna. Duk ranakun aiki yana kan tebur da fensir da rula. Ranar Lahadi kuwa sai ya tuɓe rigar ofis, ya saka wani tsohon wando, ya fito da zarto da guduma tsakar gida. Maƙwabta a Unguwar Shanu suka sa masa Kafintan Lahadi. Abokan aikinsa suna ganin abin zubar da girma ne, babban ma'aikaci da garin katako a gemu. Shi ko a jikinsa. Bencin zaure shi ya yi, kujerar tsakar gida shi ya yi, har teburin da nake rubutu a kai, don a lokacin a gidansa nake zaune, ina aikin akawu.

Matarsa, Yaya Asabe, ta yi shekara goma sha biyu tana bin sa gari-gari, duk inda aiki ya jefa shi. Kwanonin da aka kawo ta da su, tasoshi da kwalla da langa, ba su taɓa samun wurin zama ba. Suna cikin kwalaye a ƙarƙashin gado, yau a kwance su, gobe a ɗaure. Tun farkon aurensu ya yi mata alkawari cewa ranar da suka shiga gidan kansu, kwabar da za ta jera kayanta shi zai haɗa mata da hannunsa, ba saya zai yi ba. Da Allah ya sa suka gina ɗaki uku a Unguwar Shanu, kwalayen kawai ta jawo ta jera a bakin ƙofar ɗakinsa, inda sai ya tsallake su zai fita. Ya gane.

Sai dai ya tashi aikin a mummunan lokaci. Shekarar ce da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya samu abin hannu, Kaduna ta rikice da gine-gine. Siminti ya yi wuya, kwanon rufi ya yi wuya, filai kuwa sai wanda ya san wani. Ga wanda bai san shi da wannan sunan ba, filai shi ne faffaɗan katakon nan da ake manna sirara hawa-hawa da gam, faɗinsa ƙafa huɗu, tsawonsa takwas. Guda biyu kacal Yaya yake nema, amma wata uku muka yi muna zarya kasuwar katako.

Ba rashin samu kaɗai ya jawo zaryar ba, har da halinsa. Yaya ba ya sayen filai daga tsaye. Sai an zaro masa shi, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya ya bi gefensa da kallo ko ya lanƙwashe. Ya ƙirga hawan da ke bakinsa. Ya bi shi da ƙwanƙwasa da bayan yatsa, yana sauraron inda gam bai kama ba. Har sansana shi yake yi, wai wanda ya sha ruwa a hanya warinsa daban ne. Masu katako sun gaji da shi, ni na fi su gajiya. In na ce, "Yaya, katako ai katako ne," sai ya dube ni ya ce, "Sule, kai ma da haka aka ɗauke ka aiki, an ce akawu ai akawu ne." Ranar da ya samu biyun da suka kwanta masa, masu jar fuska da zane kamar gudun ruwa, bai yarda ya hau kekensa ya bar mai amalanke a baya ba. Da ƙafa ya bi shi har gida, hannunsa a kan katakon.

Nakan tuna da wannan duk lokacin da na wuce rumfunan masu kayan ɗaki a wajen Rafin Guza. Abin da suke yankawa yanzu garin katako ne da aka matse aka lulluɓe da leda mai ƙyalli. A shago yana ɗaukar ido, amma ruwa ya taɓa ƙafarsa sau ɗaya sai ya kumbura kamar burodi. Da Yaya zai dawo ya ƙwanƙwasa shi, ban san me zai ce ba. Ina jin goge yatsansa kawai zai yi a riga ya wuce. Ban ga laifin masu rumfunan ba, abin da kasuwa ta kawo musu ke nan, mu ma masu saye ba mu da haƙurin jiran na ƙwarai. Ni dai ba ni da bakin yi wa kowa wa'azin haƙuri.

Filai ya iso gida, aka kwantar da shi a kan bulo saboda gara, a ɗakin zaure inda nake kwana, ni na koma raɓewa a gefe. Na zaci Lahadi mai zuwa za a ji ƙarar zarto. Ina! Sati shida Yaya bai sa wa filai zarto ba. Ya zana filai ɗin ƙarami a takarda, daidai da awonsa, ya yayyanka kwalin sukari: wannan gefen kwaba, wannan samanta, waɗannan kantoci, waɗannan ƙofofi biyu. Kullum bayan la'asar yana zaune yana jujjuya su a kan takardar, yana neman yadda za su shige duka ba a yi asarar ko tafin hannu ba, domin in ya ɓata babu na uku. Kuma ba shigewar kaɗai ba, kowane yanki dole zanen katakon ya bi tsawonsa. Ƙofofin biyu ya ajiye su gefe da gefe a wurin da zanen ya fi kyau, don in an rufe kwabar zanen ya tashi daga wannan ƙofa ya zarce waccan, kamar ba a taɓa raba su ba. Yaya Asabe takan leƙo ta ce min, "Akawu, tambayar min yayanka, kwabar kwali zai yi min? In ita ce in kawo cokula, su kaɗai za su shiga."

Da ya gama ya kwashe awon ya mayar a kan filai ɗin da fensir mai tsini. A nan na ga abin da ban gane ba. Duk inda za a yanka layi biyu ya ja, dab da juna, tsakaninsu bai kai kaurin tsinken ashana ba. Na ce ko hannunsa ne ya yi rawa. Ya ce, "Hanyar zarto ce. Fensir ba ya cin katako, zarto yana ci. In ba ka ware masa abin da zai ci ba, daga jikin aikinka zai ɗiba." Ashe sai da ya yanka guntun katako da zartonsa, ya auna faɗin tsagar, sannan ya bar daidai ita a ko'ina. Na ce to, na yi dariya, na tafi kallon ƙwallo. Na ji maganar da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Saura kwana uku Lahadin da ya sa zai fara yanka, aka aiko daga ofis cewa ya faɗi a kan teburinsa. Hawan jini. Ya yi sati uku a asibiti, ya dawo gida ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana da ƙyar. Hannun da yake riƙe fensir da zarto yana kwance a cinyarsa, sai ya ɗauke shi da na hagu in zai gyara zama. Ranar sallama likita ya ja ni gefe, don ni ne namijin da ke wurin. Ya ce jinin ya ƙi sauka, zuciyar ma ta gaji, bugun jini na biyu yana iya zuwa kowane lokaci, kuma in ya zo ba ya jin zai tashi. Na tambaye shi me za mu yi. Ya ce magani da addu'a. Na haɗiye maganar, ban gaya wa Yaya Asabe ba, balle shi. Da suka tambaye ni na ce likita ya ce sauƙi yana nan tafe, sai dai a hankali.

Ban taɓa jin rashin amfanina irin na kwanakin nan ba. Ina ba shi magani, ina kai shi banɗaki, ina kallonsa yana kallon ƙofar ɗakin da filai yake. Wata Lahadi ya sa aka fito da shi tsakar gida a kujera, ya nuna min zarto da haɓarsa. Ni zan zama hannunsa. Ya sa na kwaso guntayen katako in koya tukuna. Na ja layi biyu irin nasa, na dafa, na fara. Zarto ya yi ta tsalle, ya kauce hagu, in na dawo da shi ya kauce dama. Na haɗa gumi sharkaf, tafin hannuna ya yi bororo. Ya ce, yana jan kalmomin, "Kar ka danne shi. Bar shi ya ci da kansa." Na ce to sai yaushe zan taɓa filai ɗin. Ya ce in na dage, nan da wata uku. Ya ƙara da cewa, "Ai ba sauri muke ba."

Shi ne bai san muna sauri ba. Ni na sani. Wata uku! Kullum da safe sai na tsaya a ƙofar ɗakinsa na ji tarinsa kafin hankalina ya kwanta in tafi aiki. Na riƙa hango ranar da za a fitar da shi ta zauren nan, filai yana kwance a kan bulo da layukansa, kwalayen Yaya Asabe suna nan inda suke. Abin ya tsaya min a rai har abinci ya daina shiga.

Ranar da aka mayar da shi asibiti ganin likita, Yaya Asabe ta raka shi, ni na ce ina da aiki a ofis. Suna fita na nemo mai amalanke, muka ɗora filai ɗin, sai wajen masu injin tsaga katako. Mai injin wani dattijo ne Bazamfare, yatsunsa biyu na hagu babu. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon layukan, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wa ya yi wanga zane?" Na ce yayana ne. Ya ce, "Wanga mutum ya san aiki. Amma zarton hannu ya yi ma hanya. Injin ga bakinai ya hi haka kauri, kuma haƙoranai na tsagar gungume na, za shi ɓata ma huskar katako. Kai ma kahinta shi yanka da hannu, ko kwana ukku na." Na duba agogo. Yaya zai dawo da azahar, in ya tarar babu filai zai sa a dawo da shi, mu koma kan wata uku. Ga ni kuma da farar riga da biro a aljihu, ina ganin na fi dattijon sanin awo. Na ce, "Baba, kai dai bi layi." Ya ce, "To, Allah shi kyauta." Cikin abin da bai kai rabin awa ba ya gama yanka abin da Yaya ya yi watanni yana shiryawa.

Tun a hanya na fara gani, amma na ƙi yarda. Na jera yankunan a tsakar gida, na share wurin, na tsaya ina jiran a yaba min. Da suka dawo aka zaunar da shi a gaban yankunan. Ya sa na miƙo masa kanta ɗaya, ya shafa bakinta da hannun hagu. Injin ya cinye layukan biyu har da ƙari, kuma ba daidai ba, nan ya ci da yawa, can ya ci kaɗan. Jar fuskar nan mai kyau duk ta tsattsage a baki kamar ɓera ya gwaguya. Ya ce in kwantar da ƙofofin biyu gefe da gefe. Na kwantar. Ko ni da ban san komai ba na ga cewa in aka gyare bakin da ya tsage dole a bar rata tsakaninsu, zanen kuma ba zai ƙara haɗuwa ba.

Na shirya wa faɗa. Wallahi da ya zage ni, da ya ɗaga sandarsa ya kwaɗa min, da na ji daɗi. Sai ya aiki Yaya Asabe ta kawo masa ruwa. Tana ba da baya ya ɗago ya dube ni, ni ɗin, ba katakon ba, ya ce a hankali, "Sule, me likita ya ce maka?"

Na kawar da kaina gefe, idona ya cika. Ya gyaɗa kai ya ce, "To." Shi ke nan. Sati biyar ina ɓoye maganar a cikina ina yi masa murmushi, ashe da kaina zan ɗauke ta in kai masa a amalanke. Mutumin da ya san ni tun ina goye ya san ba raini ne zai sa in taɓa aikinsa ba da izininsa ba. Ya ga sauri nake, ya kuma gane dalilin saurin.

Washegari na bazama neman wani filai. Na bi kasuwar katako rumfa-rumfa, na je Rigachikun inda aka ce wata mota ta sauke kaya, na je har Zariya. Inda na samu, ko fari ne ko lanƙwasasshe, irin wanda Yaya ba zai ko tsuguna masa ba. Na dawo na faɗa masa. Ya ce in bar wahalar da kaina, a haɗa ta yadda take. Daga ranar bai ƙara cewa ba sauri muke ba. Aka bar jiran Lahadi, kullum in na taso aiki yana kujera yana jirana. Yana nuni, ina gogewa da samfefa, ina shafa gam, ina buga ƙusa. Kantocin da suka gaza ya sa na tallafe su da 'yan sanduna daga ƙasa. Kwana goma sha shida muka yi kwabar ta tsaya a ɗakin Yaya Asabe. Na rufe ƙofofin, ga rata nan tsakaninsu daga sama har ƙasa, ana hango ciki.

Yaya Asabe ta jawo kwalayen ta jera kayanta yana zaune yana kallo, tana yi tana tsokanarsa, wai shekara goma sha biyu ta jira aka ba ta kwaba mai wushirya. Ya yi dariya da rabin bakinsa. Bayan kwana tara, bugun na biyu ya zo, kamar yadda likita ya faɗa, ranar wata Laraba da hantsi, ina ofis.

Waɗanda na ba wannan labari sukan ce min, ai da ba ka kai inji ba da bai ga kwabar a tsaye ba. Gaskiya ne, wata uku ya ce, ko rabinsu bai samu ba. Amma ni na san abin da na karɓe masa. Kafin ranar nan yana maganar komawa ofis, yana murza hannun nan da man zafi, yana cewa ya ji yatsa ya motsa. Bayan ranar bai sake murza shi ba. Na ba shi kwaba mai rata, na karɓe masa wannan sa ran. Shekara arba'in da shida ina auna biyun, har yau ban san wanne ya rinjayi wanne ba, wanda zai gaya min kuma ba ya nan.

'Yarsu Binta, wadda take da shekara huɗu a lokacin, ita ta gaji fensirin. Zanen gidaje take yi, sai dai a kwamfuta. Bara na je gidanta ta nuna min yadda ake tsara yankan filai yanzu. Ka rubuta awon kowane yanki, kafin ka ƙifta ido na'urar ta jera maka su, aikin da kwalin sukari ya ɗauki sati shida. Na ce da babanki ya ga wannan da ya ce an kashe daɗin aikin. Ko kuma ya wuni yana wasa da ita, wa ya sani. Sai ta nuna min wani ɗan gurbi a gefe ta ce, "Amma Baba Sule, ba ta farawa sai ka gaya mata kaurin bakin zarton da za ka yanka da shi." Na ce ta ba ni ruwa in sha. Ta zaci jinina ne ya hau.

Sau uku a rayuwar Yaya Asabe ina kawo kafinta ya sa ɗan siririn katako ya rufe ratar, aikin da bai fi minti goma ba. Sau uku tana korarsa. A na ƙarshe ta ce, "Akawu, ka daina kwaso min mutane. Yayanka ya ce a bar ta haka." Na ce ya faɗi dalili? Ta ce bai faɗa ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta rasu shekara bakwai da suka wuce ba ta ƙara min ko kalma ɗaya a kai ba. Ko yafiya ce ya bar min a wurin, ko tuni, ban sani ba.

Gidan Unguwar Shanu an rushe shi an yi shaguna. Gine-ginen da ya zana babu sunansa a jikin ko ɗaya. Abokan da suka yi masa dariya duk sun bi shi. Abin da ya rage kwabar ce, tana falon Binta. Gara ba ta taɓa ta ba, gam bai saki ba, don katakon da ya zaɓa na ƙwarai ne. Duk abin da ke da kyau a jikinta nasa ne. Nawa ratar ce. In na je gidan, bayan an gaisa, nakan je in tsaya a gabanta in sa ƙaramin yatsana tsakanin ƙofofin. A da kansa kaɗai yake shiga, yanzu da na rame yana shigewa gaba ɗaya. Allah ya jiƙan Yaya Halliru, ya jiƙan Yaya Asabe, ya kyautata namu zuwan. Ya gaya min a bar wa zarto hanyarsa. Na ji, ban bari ba.